Ciwon ƙoda mai daɗewa: abin da ƙwayoyin jini suke faɗa wa likita

Darasinmu na yau ya shafi ƙoda da jini. Da yawa daga cikinmu an taɓa ɗibar jininmu a gidan likita. Bayan awo aka miƙo mana takarda cike da lambobi, muka naɗe ta muka sa aljihu, ba mu san abin da ta ƙunsa ba. Yanzu da muka iya karatu da lissafi, ya kamata mu buɗe wannan takarda mu duba. Ga mai ciwon ƙoda, waɗansu lambobin da ke cikinta suna nuna wata ɓarna da ke gudana a jiki tun kafin shi kansa ya ji ta. Wanda ya gane su zai san abin da zai tambayi likita. Zai kuma san dalilin da ya sa ake ce masa ya koma awo ko da yana jin garau.

1. Aikin ƙoda

Mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Girman kowace ɗaya ya yi kamar dunƙulen hannun mai ita. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan 1, waɗanda ido ba ya gani. Jini yana ratsa su dare da rana. A cikin awa 24 suna tace ruwa wajen lita 180, wato cikin jarka 9 masu cin lita 20. Jiki yana sake shanye kusan dukkan wannan ruwa. Abin da ya rage, lita 1 zuwa 2, shi ne fitsari, shi ke tafiya da dauɗa.

Ayyukan ƙoda manya guda biyar ne:

– tana fitar da dauɗar da jiki ya tara;
– tana daidaita ruwa da gishirin da ke cikin jiki;
– tana taimakawa wajen hana hawan jini;
– tana aika saƙo zuwa ɓargo don ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini;
– tana taimakon ƙashi ya yi ƙwari.

2. Mene ne ciwon ƙoda mai daɗewa?

Wani ciwon ƙoda yana faɗowa farat ɗaya, kamar bayan zawo mai tsanani, ko zubar jini wajen haihuwa, ko saran maciji. Irin wannan yakan warke in an yi gaggawar magani. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ya wuce wata 3. A cikinsa matatan ƙoda suna mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. A duniya, cikin manya 10, kusan 1 yana da wannan ciwo, yawancinsu ba su sani ba.

A shekarar 1827 wani likitan Ingila mai suna Richard Bright ya nuna cewa kumburin jiki tare da zubar sinadarin gina jiki cikin fitsari alama ce ta lalacewar ƙoda. Har yau awon fitsari yana cikin manyan hanyoyin gano ciwon. Hanya ta biyu ita ce auna wata dauɗa a jini da ake kira kireyatinin. Da ita likita ke lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake rubutawa DFG a takarda. Tun 2002 an kasa ciwon mataki 5. Ƙodar matashi mai lafiya tana ba da lamba 90 ko fiye. In lambar ta zauna ƙasa da 60 har wata 3, ciwon ya tabbata. In ta sauka ƙasa da 15, an kai mataki na 5, inda ake fara maganar wankin ƙoda da na'ura ko dashen wata ƙoda. A ƙasarmu ana wankin ƙoda a asibitin Lamorde na Yamai da babban asibitin Damagaram. Aiki ne na sau 2 ko 3 a kowane mako, yana cin dukiya, yana kuma raba mutum da gonarsa da iyalinsa.

Manyan abubuwan da ke kawo ciwon su ne hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, da ciwon sukari. Bayan su akwai tsargiya da ta daɗe ba magani, da tsakuwar ƙoda, da toshewar hanyar fitsari ga dattawa maza, da amosanin jini, da shan magani barkatai. Akwai kuma gado. A shekarar 2010 masana suka gano alaƙar ciwon ƙoda da wata ƙwayar gado mai suna APOL1. Wasu nau'o'inta sun yawaita a Afirka ta Yamma. Suna ba da kariya daga wani irin ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda.

Da farko ciwon ba ya da alama. Sai ya yi nisa ake ganin kumburin ƙafa da fuska, da kasala, da ƙin abinci, da tashin zuciya, da ƙaiƙayin jiki, da fitsari mai kumfa, da yawan tashi fitsari da dare.

3. Mazauna cikin jini

Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Fiye da rabinsa ruwa ne. Sauran ƙwayoyi ne ƙanana, dukkansu daga ɓargo suke fitowa. Likitoci suna ƙirga su a cikin ɗan mitsitsin ɗigo wanda bai kai ƙwayar gero ba. Wannan ƙidaya ita ce ake rubutawa NFS a takarda. Ƙwayoyin iri uku ne.

Na farko jajaye. Su ne masu dakon iska daga huhu zuwa ko'ina cikin jiki. A ɗigon nan akwai miliyan 4 zuwa 6. Kowace tana rayuwa wajen kwana 120.

Na biyu su ne falaket, masu toshe rauni don jini ya tsaya. A ɗigon akwai dubu 150 zuwa dubu 400. Suna rayuwa kwana 8 zuwa 10.

Na uku farare, su ne dakarun jiki. A ɗigon akwai 4000 zuwa 10000. A ƙarshen shekarun 1870 wani masanin Jamus, Paul Ehrlich, ya rina jini da launi, sai aka ga fararen nan ba iri ɗaya ba ne. Biyu daga cikinsu ne suka fi yawa, su za mu riƙe:

– Nitirofil: su ne ƴan gaba-dai. Da zarar cuta ta shiga, su ke fara isa wurin, su haɗiye ta, su watsa mata guba. Cikin farare 100, su ne 40 zuwa 70. Mugunyar da ke fita daga maruru, yawancinta gawarwakinsu ne.

– Lamfosit: su ne masu shaida abokin gaba. Suna riƙe kamannin cutar da ta taɓa shiga, suna ƙera makamin da ya dace da ita, suna kuma tsawata wa sauran dakaru in yaƙi ya ƙare. Rigakafin da ake yi wa yara da su yake aiki. Cikin farare 100, su ne 20 zuwa 40.

Sauran ƴan kaɗan ne. A cikinsu akwai monosit masu share fagen fama, da eyozinofil waɗanda ke ƙaruwa in mutum yana da tsutsar ciki ko tsargiya.

4. Wutar kara da wutar ƙaiƙayi

In ƙaya ta soki ƙafa, ko lauje ya yanke yatsa, wurin yakan yi ja, ya tashi, ya ɗau zafi, ya yi zogi. Waɗannan alamomi huɗu, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa su kusan shekara 2000 da suka wuce. Wannan shi ne kumburi, wato yaƙin da jiki ke yi da cuta. Abu ne mai amfani. Kamar wutar kara yake: ya tashi, ya cinye cuta, ya mutu cikin ƴan kwanaki, rauni ya warke.

Akwai wani kumburi na dabam. Shi ba ya ja, ba ya zogi, ba ya kawo masassara. Yana cikin jini da jijiyoyi, yana ci a hankali wata da watanni, shekara da shekaru. Duk manomin da ya taɓa ganin wuta ta kama tarin ƙaiƙayi ya san irinsa: sama toka, ƙasa garwashi. Za mu kira shi kumburin ɓoye. Masu ciwon ƙoda da yawa suna da shi, kuma yana ƙaruwa yayin da ƙoda ke ƙara rauni.

Mu lura da kyau. Kumburin ɓoye dabam yake da kumburin ƙafa da fuska. Wancan ruwa ne da ƙoda ta kasa fitarwa, in an danna shi da yatsa yakan lotsa. Shi kuwa na ɓoye sai awon jini ke nuna shi.

Me ke hura wannan wuta? Ga manyan dalilai:

– dauɗar da ƙoda ta kasa fitarwa tana tsokanar fararen ƙwayoyi kullum;
– bangon hanji yana yin rauni, gubar ƙananan halittun da ke cikinsa tana tsallakawa cikin jini;
– ruwa da gishiri suna taruwa, jini kuma yana ƙara tsami;
– ruɓaɓɓen haƙori, da ciwon dasashi, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ciwon mafitsara;
– ciwon sukari, da ƙiba, da shan taba;
– ga masu wankin ƙoda, robar da ake sawa a jijiyar wuya tana iya zama ƙofar cuta.

5. Ɓarnar da kumburin ɓoye ke yi

Ta farko a jijiyoyi da zuciya. Kumburin yana ƙuje cikin jijiyoyin jini, kitse da alli su manne, jijiya ta ƙanƙance ta yi tauri. Daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Masu ciwon ƙoda da yawa ciwon zuciya ne ke kashe su tun kafin su kai ga wankin ƙoda.

Ta biyu a ƙodar kanta. Inda kumburi ya daɗe, tabo ke maye gurbin nama mai aiki. Ƙoda mai rauni tana hura kumburi, kumburi yana ƙara raunana ƙoda, haka abin ke zagayawa.

Ta uku ƙarancin jini. Ƙoda mai ciwo ba ta aika isasshen saƙo zuwa ɓargo. Sannan kumburi yana sa hanta ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda aka gano a shekarun 2000 da 2001. Shi kuwa yakan kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiyarsa, ya kuma hana hanji shan sabo. Sai ya zama kamar hatsi na cikin rumbu, an kulle ƙofa, mai gida yana kwana da yunwa. Shi ya sa wani mai ciwon ƙoda yake shan maganin ƙarin jini wata da watanni bai ga canji ba.

Ta huɗu rama. Kumburi yana kashe sha'awar abinci, yana kuma narkar da tsoka. Mutum ya rame, ƙarfin riƙe hauya ya tafi.

6. Alamomin da ke cikin ƙidayar jini

Akwai awo na musamman don gane kumburi. Wanda aka fi sani shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke fitarwa, wanda aka gano a Amurka a 1930. Akwai kuma VS, wato auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyi a cikin kwalba. Amma kowane awo da kuɗinsa, kuma ba ko'ina ake samun CRP ba. Wannan ya sa masana suka koma ga ƙidayar jini, wadda dama akan yi wa mai ciwon ƙoda, suka nemi abin da za a ƙara karantawa a cikinta ba tare da an sake biyan ko dala ba.

Alama ta farko: nitirofil a raba da lamfosit.

In jiki yana cikin kumburi, nitirofil sukan ƙaru, lamfosit su ragu. A ciwon ƙoda da ya yi nisa, lamfosit sukan tsufa da wuri su mutu. Saboda haka in aka raba adadin na farko da na biyu, ana samun lamba ɗaya da ke nuna inda ma'auni ya rinjaya. A shekarar 2001 wani likitan ƙasar Sulobakiya, Roman Zahorec, ya ba da shawarar amfani da wannan lissafi ga majinyata masu tsananin ciwo. Daga baya aka gwada shi ga masu ciwon zuciya, da ciwon daji, da ciwon ƙoda.

Mu yi lissafin tare. A ce manoma biyu masu ciwon ƙoda sun karɓo takardunsu.

Na farko: farare duka 7000. Nitirofil 4000, lamfosit 2000. In mun raba 4000 da 2000, mun sami 2.

Na biyu: farare duka 7800. Nitirofil 6000, lamfosit 1000. In mun raba 6000 da 1000, mun sami 6.

Wanda ya dubi jimla kawai zai ce duka biyun lafiya lau, domin 7000 da 7800 suna tsakanin 4000 da 10000. Rabawa ce ta nuna bambanci. Ga yawancin masu lafiya lambar tana tsakanin 1 da 3. Ta manomi na biyu ta haura sosai, dole likita ya nemi dalili. In takarda ta ba da kashi cikin 100, lissafin bai canza ba: 60 a raba da 30, an sami 2.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa, in an haɗa masu ciwon ƙoda da yawa, waɗanda lambarsu ta zauna a sama sun fi saurin kaiwa ga wankin ƙoda, sun fi kamuwa da ciwon zuciya, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu.

Alama ta biyu: falaket a raba da lamfosit.

Falaket ba toshe rauni kaɗai suke yi ba, suna shiga yaƙin jiki, kuma kumburi yakan sa ɓargo ya ƙara yawansu. Mai falaket dubu 250 da lamfosit 2000, lambarsa 125. Mai falaket dubu 300 da lamfosit 1000, lambarsa 300. An lura cewa masu wankin ƙoda da wannan lamba tasu ta yi sama, sau da yawa allurar ƙarin jini ba ta yi musu aiki sosai.

Alama ta uku: bambancin girman jajayen ƙwayoyi.

In ɓargo yana aiki daidai, jajayen ƙwayoyi kusan kansu ɗaya ne, kamar irin da aka zaɓa aka tankaɗe. In kumburi ko rashin sinadarin ƙarfe ya dame shi, sai su fito manya da ƙanana a gauraye. Na'urar ƙidaya tana auna wannan bambanci, ana rubuta shi RDW ko IDR. Ga mai lafiya yakan tsaya tsakanin 11 da rabi da 14 da rabi cikin 100. Wanda ya wuce haka ga mai ciwon ƙoda, yana tafiya tare da ƙarin haɗarin ciwon zuciya.

Alama ta huɗu: ƙarfin jini.

Shi ne ake rubutawa Hb. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ƙarancin jini in ya gaza 13 ga namiji, ko 12 ga macen da ba ta da ciki. In ya ƙi tashi duk da magani, likita yakan yi zargin kumburin ɓoye.

7. Hattara da waɗannan lambobi

Hayaƙi yana nuna akwai wuta, amma ba ya faɗin wanda ya kunna ta. Haka waɗannan lambobi suke. Ba su ke tabbatar da ciwon ƙoda ba, wannan aikin kireyatinin ne da awon fitsari. Ba su kuma faɗin ranar da wani abu zai sami mutum. Abubuwa da yawa suna motsa su:

– maruru, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara suna ɗaga nitirofil cikin yini guda;
– masassarar cizon sauro tana saukar da falaket;
– amosanin jini yana ɗaga farare, yana kuma ɗaga RDW;
– rashin sinadarin ƙarfe, wanda ya yawaita ga mata da yara, yana ɗaga RDW da falaket;
– ciwon sida yana rage lamfosit;
– juna biyu da shan taba suna ɗaga nitirofil;
– ƙwayar deksa, wadda wasu mata ke sha don su yi ƙiba, tana ɗaga nitirofil, tana rage lamfosit, tana kuma kawo hawan jini da ciwon sukari.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma sun gaji jajayen ƙwayoyi marasa wata shaida da ake kira Duffy. Wannan gado yana ba da kariya daga wani nau'in masassarar cizon sauro. Masu shi nitirofil ɗin da ke yawo a jininsu yakan gaza na Turawa, alhali lafiyarsu ƙalau. Ma'ana, lambar da za a ce daidai ce ga Bature tana iya zama ta ɗan hau ga ɗayanmu. Don haka abin da ya fi amfani shi ne a gwada takardar mutum ta yau da tasa ta watannin baya. Wanda lambarsa take 1 da rabi bara, bana ta koma 4, kuma ba ya masassara, akwai abin bincike. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Akan sake shi bayan mutum ya warke daga ciwon da ya kawo shi.

8. Abin da ya kamata mu yi

Kada mu sayi maganin kumburi da kanmu. Wannan shi ne gargaɗi mafi girma a darasin yau. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen, waɗanda ake tallarsu a faranti ranar kasuwa, ana ce musu maganin kumburi. Ba sa kashe kumburin ɓoye. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna iya ƙarasa wadda ta riga ta yi rauni. Manomin da ke haɗiye su kullum bayan ya taso daga gona, jikinsa a bushe da ƙishirwa, yana cutar ƙodarsa. Haka jiƙo da saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba. In ciwon jiki ya dame mu, mu tambayi ma'aikacin lafiya.

Mu auna jini da sukari. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon sukari, ko wani nasa ya yi ciwon ƙoda, ya nemi awon fitsari da kireyatinin sau ɗaya a shekara. Tansiyo kada ya wuce 14/9. Ga mai ciwon ƙoda likitoci sukan nemi ya sauka ƙasa da 13/8. Akwai magungunan hawan jini masu kare ƙoda, kamar enalafiril da losartan, akwai kuma sababbi da aka tabbatar da amfaninsu tun daga 2019 da 2020. Likita ne ke zaɓa, domin mai juna biyu ba ta shan irin waɗannan. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi.

Mu rage gishiri. Giram 5 a yini ya isa, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen ɗanɗano da kanwa su ma gishiri ne a wajen ƙoda.

Mu kashe ƙananan wutace. A cire ruɓaɓɓen haƙori, a riƙa goge baki da asuwaki ko buroshi safe da dare. A kai gyambo gidan likita. Wanda ya ga jini a fitsari ya nemi maganin tsargiya. A kwana cikin gidan sauro. A bar taba, ta sha da ta ci.

Mu kiyayi zafi da ƙishirwa. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado an ga matasa masu saran rake da yawa suna kamuwa da ciwon ƙoda ba tare da hawan jini ko sukari ba. Inda aka ba su ruwa da inuwa da hutu a kai a kai, raunin ƙoda ya ragu. Mu ma masu noma da kiwo a rana mu tafi da ruwa, mu sha tun ƙishirwa ba ta kama mu ba, mu fake in rana ta take. Amma wanda ciwonsa ya yi nisa har ƙafa tana kumbura, likita ne zai yanka masa yawan ruwan da zai sha. Mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi.

Mu adana takardunmu. A sa su cikin leda ko ambulan, a jere bisa kwanan wata, a tafi da su duk ranar ganin likita. A gaya masa gaskiyar duk abin da ake sha, na asibiti da na gargajiya. Kada mu ji nauyin tambaya: «Likita, nawa ne ƙarfin tacewar ƙodata? Akwai alamar kumburi a jinina? Yaushe zan dawo awo?»

Abin da za mu riƙe

– Ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne wanda ya wuce wata 3, kuma da farko ba ya da alama.
– Yana tafiya da kumburin ɓoye, mai ɓata jijiyoyi da zuciya da jini da ƙodar kanta.
– Ƙidayar jini tana iya nuna wannan kumburi: nitirofil a raba da lamfosit, falaket a raba da lamfosit, da bambancin girman jajayen ƙwayoyi.
– Lambobin suna taimakon likita ne, ba sa maye gurbinsa.
– Ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa suna ƙara lalata ƙoda.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Faɗi ayyuka uku na ƙoda.
2. Mene ne bambancin kumburin ƙafa da kumburin ɓoye?
3. Wata mace tana da nitirofil 4500 da lamfosit 1500. Nawa ne lambarta?
4. Wani makiyayi yana da nitirofil 70 cikin 100 da lamfosit 10 cikin 100, kuma yana fama da maruru. Nawa ne lambarsa? Me ya sa likita zai sake awon bayan ya warke?
5. Waɗanne magunguna ake sayarwa a kasuwar garinku waɗanda mai ciwon ƙoda ya kamata ya guje wa?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba, musamman in yana da hawan jini ko ciwon sukari. In akwai tsohuwar takardar awo a gida, a ɗauko ta, a nemi layin nitirofil da na lamfosit, a gwada lissafin, a tafi da amsar wajen likita.